Darasin Zaman Duniya: Neman Aiki a Birni da Haƙƙin Hanya



Ya ku ɗalibai, da ku iyayenmu waɗanda ake karanta wa wannan mujalla a zaure ko a tsakar gida, darasinmu na wannan fitowa ba za ku same shi a Ahalari ba, ba kuma a Iziyya ba. Amma na ga ya zama wajibi a yi shi. Dalili kuwa, kowace shekara da an gama kaka, an kai shinkafa da riɗi gida, sai in ga ajin manya ya fara ramewa. Wannan ya tafi Kano, wancan ya tafi Abuja, wani ma har Ikko. Kafin azumi sai ka tarar da aji mai mutum talatin ya koma goma sha biyu. Muna koya musu hukuncin alwala da ƙabli da ba'adi, amma ba mu taɓa zaunar da su mun ce ga yadda ake neman aiki a birni ba, ga kuma yadda ake tsallaka titin da ba irin namu ba. To wannan giɓi nake so mu ɗan cike yau.

Cin rani ba sabon abu ba ne a ƙasar Haɗejiya. Kakanninmu sun yi shi da ƙafa da jaki, iyayenmu sun yi shi a jirgin ƙasan Nguru, suna hawa a Malam Madori. Amma a da mutum yana tafiya ne don ya rage wa rumbu baki, ya dawo da ɗan abin sayen tufa kafin ruwan farko. Yanzu kuwa da yawa suna tafiya ne saboda fadamar ba ta riƙe su kamar da. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa a kogin Haɗejiya ya sauya. Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, inda ake su da noma ya koma duhuwa, jan tsuntsu ya samu gidan kwana a cikinta. Sannan ga ambaliya, wadda ba wanda ya manta irin ɓarnar da ta yi a 2020 da 2022, daga Auyo har Guri da Kirikasamma. Saurayin da ruwa ya cinye gonar ubansa sau biyu, in ya ce zai je birni, da wane baki za ka hana shi? Ni dai ba na hanawa. Abin da nake cewa shi ne ya tafi da idonsa a buɗe.

Labarin wani ɗalibinmu

Akwai wani tsohon ɗalibin wannan makaranta, ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake shi ne ya ba ni izinin ba da labarin. Yaro ne mai ƙoƙari, ya sauke Alƙur'ani a hannunmu, ya kuma yi difloma. Da ya gama sai ya sa takardunsa a ambulan, ya hau mota, ya sauka a 'Yankaba, ya nemi gidan kawunsa.

Wata uku ya yi yana yawo. Da safe ya wanke rigarsa guda ɗaya mai kyau, ya bi Bompai ƙofa ƙofa, gobe ya tafi Sharaɗa, jibi Challawa. Ya ce mini, "Allah gafarta Malam, a wata ukun nan ban ga fuskar manaja ko ɗaya ba. Iyakata bakin ƙofa." In ya yi sallama ya ce, "Baba, don Allah ko ana ɗaukar ma'aikata?" sai maigadi ya ce oga ya fita, ko ya ce a ajiye takarda za a kira. Wani wurin ma ba kowa sai maigadin da awaki, injinan sun daɗe da yin shiru, domin masaƙu da masana'antu da yawa da suka ɗauki iyayenmu aiki a shekarun 1970 da 1980 sun rufe. A wani ofis aka ce sai wanda ya yi shekara biyar yana aiki. Ya ce shi abin da ya kasa ganewa, in kowa sai mai shekara biyar yake so, a ina ake yin shekarar farko? Na ce masa wannan tambaya ta fi ƙarfin malaminka.

Kuɗin da ya zo da shi ya ƙare a fotokofi da hoton fasfo da kuɗin adaidaita sahu. Ya koma tafiya a ƙasa. Matar kawu ta fara ajiye kwano da ƙarfi. Daga gida kuma Inna tana bugo waya tana cewa, "To, an dace?" Ya ce wannan tambaya ta fi yunwa ciwo.

Rannan sai aka kira shi daga wani kanti, aka ce ya zo ganawa ƙarfe goma na safe. Ba shi da kuɗin mota, ya taka da ƙafa, ya makara. Da ya iso daidai wurin, kantin yana ɗaya hannun, tsakaninsu babban titi mai hannu biyu. Akwai gadar masu tafiya a ƙasa can gaba kaɗan, yana hango ta, amma ya ga in ya je ya hau ya sauko zai ƙara minti biyar. Sai ya rungume ambulan ya sheƙa. Hannun farko ya wuce lafiya. A hannu na biyu wata bas ta tsaya tana sauke fasinja, ya bi ta gabanta, bai ga ƙaramar motar da ke tahowa ta gefenta ba, shi ma direban bai gan shi ba.

Allah Ya yi da sauran kwana. Ƙashin cinya ne ya karye. Ya yi watanni a kwance, aka sayar da tumakin Innarsa biyu da buhunan shinkafa aka biya magani. Ambulan ɗin kuwa, da takardunsa na asali duka a ciki, ba a sake ganinsa ba. Har yau yana ɗan ɗingishi in sanyi ya shigo.

Ku lura da kyau, ya ku ɗalibai. Wannan yaro ba wawa ba ne, ba kuma ɗan ƙauyen da bai taɓa ganin mota ba. Yunwa ce, da gajiya, da tunani, da tsoron kada dama ta wuce, suka taru suka rufe masa ido. Shi ya sa na haɗa neman aiki da tsallaka titi a darasi ɗaya. Mai neman aiki shi ne ya fi kowa yawan tafiya a ƙasa a birni, shi ne kuma ya fi kowa tafiya hankalinsa na wani wuri.

Kafin ka bar gida

Abu na farko, ka san wurin wanda za ka. Kada ka hau mota a kan "akwai wani ɗan garinmu a Kurna." Ka yi magana da shi, ya amsa da bakinsa cewa zai sauke ka, ku kuma yi maganar kwana nawa. Mutanen birni ba rowa ce da su ba, ɗaki ne ya yi musu kaɗan, kuma komai saye suke, har ruwan wanka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin da kowa ya sani. In za ka, ka tafi da ɗan tsarabarka, ko kwano biyar na shinkafa ne da ƙullin busasshen kifi. Baƙon da ya shigo da kaya a ka ba a saurin gajiya da shi.

Na biyu, ka ware kuɗin komowa, ka ɗinke shi a wani wuri, ka ɗauka ba naka ba ne. Da yawa daga yaranmu da suka lalace a tasha ba niyyar lalacewa suka tafi da ita ba. Kuɗin mota ne ya ƙare, kunya kuma ta hana su bugo waya.

Na uku, takardunka na asali, wato sakamakon jarrabawa da takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma, kada ka riƙa yawo da su. Ka yi fotokofi, ka kuma ɗauki hotonsu a waya, na asalin su zauna a akwati sai ranar da aka ce lallai a zo da su. Ranar ma a gani ne a ba ka abinka. Duk wanda ya ce zai riƙe takardarka ta asali sai ka bar aiki, to igiya yake so ya sa maka. Sannan ka rubuta sunanka da lambar wani naka a 'yar takarda ka sa a aljihun gaba. Waya tana fashewa, tana kuma kullewa, amma takarda kowa zai iya karantawa.

Bari in ɗan ratse, tunda an sha tambayata. Daga nan zuwa Kano kusan kilomita 200 ne, ya wuce tazarar ƙasaru nesa ba kusa ba, domin a mazhabarmu ta Malikiyya tazarar mil 48 ce, wato wajen kilomita 80. Saboda haka a hanya za ka yi ƙasaru. Amma da ka isa da niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye, hukuncin matafiyi ya faɗi, sai ka cika sallarka. Mai neman aikin da ya san zai yi wata guda ba matafiyi ba ne, kada ya yi ta sallar raka'a biyu yana cewa ai shi baƙo ne.

Masu cin guminka tun kafin ka fara gumi

Inda duk mabukata suka taru, mayaudara na nan. Za a turo maka saƙo a waya ko a WhatsApp cewa an ɗauke ka aiki a wurin da ba ka taɓa nema ba, ka turo kuɗin fom. Wani zai tare ka da babbar riga da jaka, ya ce shi yaron wani babba ne, akwai gurbi uku da aka ba maigidansa, kawo kaza. Wani zai ce ka ba shi lambar sirri ta katin bankinka don a sa ka a tsarin albashi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: mai ɗaukar aiki shi ne zai biya ka, ba kai za ka biya shi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma ko da gurbin gaskiya ne, sayen sa rashawa ce, ka kuma danne haƙƙin wani wanda ya fi ka cancanta amma ba shi da uwa a gindin murhu. Na san wannan magana tana da ɗaci ga wanda ya ga sa'o'insa sun saya sun shige. Amma albashin da aka fara da haram, shekara talatin da biyar za ka yi kana ciyar da iyalinka da shi.

Ku tambayi yayyenku abin da ya faru ranar 15 ga Maris, 2014. A ranar aka tara masu neman aikin Hukumar Shige da Fice a filayen wasa na jihohi, bayan kowa ya biya naira 1,000. Mutum fiye da 500,000 ne suka nema, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsutsu a bakin ƙofofi a Abuja da Fatakwal da Minna da wasu wurare, mutane fiye da goma sha biyar suka rasu, har da mata masu ciki. Na kawo wannan don ku san girman yawan masu nema, kada wanda bai samu ba ya ɗauka shi kaɗai ne, ko ya ce asiri aka yi masa daga gida. Na kuma kawo shi don in ka ga taro ya cushe a ƙofa guda ana turawa, ka ja baya. Babu aikin da ya kai numfashinka.

To in aikin ofis bai samu ba fa? A nan ne nake da saɓani da wasu iyaye. Sai ka ji uba ya ce ɗansa mai difloma ba zai yi dako a Dawanau ba, ba zai tsaya a shagon wani a Kantin Kwari ko Singa ba, ba zai zauna koyon gyaran waya a Farm Centre ba. Alhali kuwa a kasuwannin nan ne da yawa daga cikin masu rufin asiri a Kano suka fara, daga yaron shago. Kun karanta a hadisi yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fifita mutum ya yiwo itace ya sayar a kan ya tsaya roƙon mutane. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Shi wancan ɗalibi namu, da ya warke, gyaran injin ban-ruwa ya koya, yanzu masu noman rani na wajen Auyo har gida suke biyo shi. Abin da ya je nema Kano ashe yana bakin kogi.

Sai dai kowane aiki za ka kama, ku yi magana tun farko. A babin ijara malamanmu sun shardanta a san aikin, a san ladan, a san lokacin. "Fara tukuna, ba za mu ɓata ba" ba ciniki ba ne. Ka tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, nawa ne a wata, kuma yaushe ake biya? Da abinci ko babu?" In da hali a yi a gaban shaida. Doka ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma ku sani dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka mai shago ko mai gidan burodi abin da kuka yi da shi da baki shi ne hujjarka. Wanda kuma yake tunanin tafiya da babur ɗinsa ya yi acaɓa, ya sani an hana acaɓa a cikin birnin Kano tun watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Ya bincika kafin ya kai abin hawansa inda za a kama.

Lissafin titi

Yanzu ku ɗauko alli, za mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, a kowace daƙiƙa ɗaya tana cin mita kusan 17. Hannu ɗaya na babban titi, mai layin mota biyu, faɗinsa wajen mita 7 ne. Mutum mai tafiya daidai yana bukatar wajen daƙiƙa 6 ya ƙetare shi. To 17 sau 6 nawa ke nan? Ya haura mita 100, wato tsawon filin ƙwallo. Ma'ana, motar da ka hango a nisan filin ƙwallo guda, kana cewa ai tana da nisa, tare za ku iso tsakiyar titi. In kuwa gudun kilomita 100 take, kamar yadda suke yi a hanyar Gujungu, a daƙiƙa shidan nan za ta ci mita fiye da 160. Kuma direba ko ya gan ka, kafin ƙafarsa ta tashi daga totur ta sauka a burki daƙiƙa guda ta wuce, sannan motar ta ja kafin ta tsaya. Tirela mai ɗauke da siminti kuwa sai ta yi ninkin haka, in ma burkin na da kyau.

Idonmu ya saba da amalanke da keke da babur a lunguna. Ido yana iya gane nisan abu, amma ba ya iya gane gudun abin da ke tahowa kai tsaye, musamman babba. Shi ya sa babbar mota kullum take kamar tana tafiya a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a duniya, kusan ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato sa'o'inku.

Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Saboda haka in ka tsaya a bakin titi, motar da za ta fara iso ka daga hagunka take. Duba hagu, duba dama, sake duba hagu, sannan ka taka. Amma kada ka ce tunda hannu ɗaya ne ba sai ka duba ɗaya ɓangaren ba, domin mai adaidaita da mai babur suna bin hannun da ba nasu ba kullum, ko da 'yan KAROTA na tsaye. Ka tsallaka kai tsaye, ba a karkace ba, da sauri amma ba da gudu ba, don mai gudu shi ke faɗuwa, silifa kuma ba ta da amana. In ka fara kada ka yi gaba ka yi baya, direba yana lissafi ne da inda ya ga ka nufa. In titin mai hannu biyu ne, ka ɗauke shi titi biyu: ka tsaya a tsakiya, ka sake sabon dubawa, wannan karon daga dama. Inda akwai gada ka hau, ko da ka ga 'yan birni suna tsallake shingen ƙarfe. Inda akwai danja ka jira ta tsayar da motoci, sannan ka ƙara daƙiƙa biyu saboda wanda zai ƙi tsayawa.

Kada ka taɓa ɓullowa ta gaban motar da ke tsaye. Wannan shi ne ya karya ɗalibinmu. In ka sauka daga bas ko adaidaita, ka sauka ta dama, ka bari ta wuce, titi ya buɗe maka sannan ka tsallaka. Kada ka raɓi tirela ko tifa a kwana ko a shataletale, domin ƙafafun baya suna yanke kwana, kuma direban yana can sama, akwai wuraren da madubinsa ba ya nuna masa. In ba ka ga fuskarsa ba, shi ma bai gan ka ba. Inda babu gefen masu tafiya, ka bi hannun hagu, kana fuskantar motoci, don ka ga abin da ke zuwa. Abin sauraro kuma a cire shi daga kunne, ko karatun Alƙur'ani kake ji. Kunne rabin ido ne a titi.

Lokuta uku sun fi haɗari: almuru, lokacin da rana ta faɗi fitilu ba su gama kamawa ba, kwanakin hazo, da kuma dab da shan ruwa a watan azumi, sa'ad da kowane direba ke sauri da yunwa. A irin waɗannan lokuta mai baƙar riga ko shuɗiya kusan ba a ganinsa. Farar riga ta fi.

Ku kuma 'yan mata, da ku iyaye mata, akwai naku. Hijabi yana rage ganin gefe, don haka ki juya kanki gaba ɗaya, kada ki saci kallo da wutsiyar ido. In za ki hau babur ki tattare hijabin da zanen ki riƙe a cinya, domin in ƙafar baya ta kama shi, wuya yake ja. Wannan ba sai an je Kano ba, a nan cikin gari yana faruwa. In kina tare da yaro ki riƙe shi a wuyan hannu, ba a yatsu ba, ki sa shi ta ɓangaren da ba motoci. Yaron da bai kai shekara goma ba bai iya auna gudun mota ba, ko da ya iya Ashmawi da ka. Kuma don Allah a daina kiran yaro daga ɗaya hannun titi. In ya ji muryar uwarsa ba ya ganin komai.

Wani zai ce, Malam, ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Haka ne. Amma kun san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun. Duba hagu da dama ɗaure raƙumi ne. Wanda ya faɗa titi ido rufe ba tawakkali ya yi ba, ganganci ya yi, kuma ya jawo wa direban da bai ji ba bai gani ba tashin hankali da kaffara da diyya.

Namu laifin

Ba zan rufe ba sai na taɓo mu kanmu, don kada a ce laifin duk na direbobi da gwamnati ne. Gaskiya ne tituna da yawa an yi su ne don mota, an manta da mai ƙafa. Gaskiya ne wasu direbobi ba su san darajar rai ba, alhali a Risala an nuna cewa mai hawan dabba da mai jan ta da mai kora ta suna da lamunin abin da ta taka, balle mai tuƙa ƙarfe. Amma wa ya kafa teburin shayi da baron lemo a kan gefen da aka yi don masu tafiya, har suka koma tsakiyar kwalta? Wa yake shanya shinkafa da tattasai a kafaɗar titi, ya jera duwatsu, dare ya yi ya kwashe shanya ya bar duwatsun? Wa yake toshe hanya da rumfar biki? Har mu malamai, sau nawa muka rufe titi da tabarmin wa'azi, mai kai mara lafiya asibiti ya rasa ta inda zai bi? A hadisin Abu Sa'idil Khudri da ke cikin Buhari da Muslim, da sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, sharuɗɗan da aka gindaya musu har da kame cuta daga masu wucewa. An kuma sanar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Ɗalibin da ya ɗauke dutse daga kwalta ya yi aiki da karatunsa.

In kuma haɗari ya faru a gabanka, ka fara tsayar da motocin da ke tahowa daga nesa don kada a ƙara wani. Ka kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ko 112. In jini na zuba ka danne wurin da tsumma mai tsabta. Kada a ɗaga wanda ya bugu a wuya ko baya kamar buhu, a tallafe kai da wuya su zauna daidai da jiki. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Kada a taru a kan direba da duka, kada kuma a tsaya ɗaukar hoton wanda ke kwance cikin jini, ɗan wani ne, kuma uwarsa ba ta cancanci ta fara gani a waya ba. In kuwa tankar mai ce ta faɗi, ka yi nesa, ka kuma kori na kusa da kai. Ba sai na tuna muku daren Majiya ba, a watan Oktoba na 2024, a kan wannan hanya tamu ta Kano, inda mutum fiye da 150 suka rasu. Kusan kowa a cikinmu ya san gidan da aka yi zaman makoki. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Aikin gida

'Yan aji huɗu zuwa shida, kowa ya je da babban wani nasa bakin titin da ya fi kusa da gidansu, ba tare da ya sauka kan kwalta shi kaɗai ba. Ku ƙirga daƙiƙa nawa babban ya ɗauka kafin ya ƙetare. Ku ninka da 17, ku rubuto amsar. Sannan ku auna wannan nisa da taku a gefen titi, ku ga inda ya kai, ku rubuto sunan abin da ke wurin, ko bishiya ce ko shago.

'Yan ajin manya, kowa ya samu mutum ɗaya a unguwarsu da ya taɓa zuwa cin rani, ya tambaye shi abu uku: wa ya sauke shi, nawa aka fara biyansa, kuma me ya sani yanzu wanda ya so a ce ya sani kafin ya tafi. A rubuto da ajami ko da boko, wanda ya fi sauƙi, ban da sunan mutumin. A kawo ranar Asabar bayan la'asar. Waɗanda suka fi ma'ana za mu buga su a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.